Wa ya kashe min ɗa? Littattafan iyaye masu makoki da na ɗakin tuhuma

Baban Walida (Hayin Banki): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na kai shekara biyu ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba. Tunda Shugaba ya ce a wannan makon kowa ya kawo littafin da ba ƙagaggen labari ba wanda ya tsaya masa a rai, na ce bari in yi magana. Ku yi haƙuri da tsawonta.

Ɗana na fari ya rasu a bam ɗin Kawo, ranar Laraba 23 ga Yuli, 2014, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Shekararsa 19, yana koyon ɗinki, maigidansa ne ya aike shi sayo zare saboda ɗinkin Sallah ya yi musu yawa. Da takalminsa na gane shi. Silifas ne ruwan ƙasa, ni da kaina na kai wa mai gyara ya ɗinke masa igiya kwana uku kafin nan. Shekara 31 na yi ina koyar da Turanci a sakandare, amma daga ranar na yi shekaru ko jarida ba na iya kai wa ƙarshe.

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina ya kawo min American Mother, wanda Diane Foley ta rubuta tare da Colum McCann, ya fito a 2024. Ɗanta James ɗan jarida ne, an sace shi a Siriya a 2012, 'yan ISIS suka yanka shi a watan Agustan 2014, wata guda bayan nawa. Har yau ba ta sami gawarsa ba. A 2021 ta je ta zauna gaba da gaba da Alexanda Kotey, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsare ɗan nata, bayan ya amsa laifinsa a kotun Amurka. Masu sharhi sun fi maganar yafiyarta. Ni ba nan idona ya tsaya ba. Matar nan an ba ta kujera, an ajiye mata mutum a gabanta, ta yi masa tambaya ya amsa. Ni ban san sunan wanda ya kashe min ɗa ba, ban san wanda ya aiko shi ba, kuma ba wanda ya taɓa kira na ya ce ga inda bincike ya kwana.

Wannan ne ya kai ni neman littattafan masu tatsar bayani daga waɗanda ake zargi da ta'addanci, don in san yadda ake ciro gaskiya daga bakin irin waɗannan mutane. Na karanta The Black Banners na Ali Sufan, haifaffen Labanan da ya yi aiki da FBI, na karanta Guantánamo Diary na Muhammadu Wuld Silahi ɗan Moritaniya, wanda shi kuma tsare shi aka yi a gidan yarin Amurka na Guantanamo. Ba zan ɓoye muku ba, a 2014 da an miƙo min wanda ake zargi, da ban tambayi hujja ba. Yau kuwa tsorona ɗaya: a doki wani ɗan talaka har ya ce shi ne, a ce min an kama, in kwanta in yi barci, alhali mai laifin yana shan shayi a wani gari.

Tambayata biyu ce. Duka yana fitar da gaskiya? Kuma me ya sa duk yawan 'ya'yan da muka binne a Arewa, ban taɓa cin karo da littafin Hausa da uba ko uwa suka rubuta a kan ɗansu ba?

Shugaban Zaure: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, Allah ya karɓi shahadarsa, ya sa mai ceto ne. Jama'a, maganar nan mai nauyi ce, kowa ya tauna kafin ya furta.

Abu Fatima (Rigasa): Baba, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi. Amma da girmanka zan saɓa maka, ka gafarce ni. Yayana direba ne, a hanyar Birnin Gwari aka ɗauke shi a 2021. Mun sayar da gonar gado, mun haɗa da babur sabo kamar yadda suka nema, suka karɓa suka kashe shi. Ya bar yara shida, suna gidana yanzu haka. Wanda ya ba da labarin motarsa a tasha ɗaya suke cin abinci da shi. To a ce an kama irin wannan infoma, yana da lambar wayarsu, ya san dajin da suke, akwai mutum talatin a ɗaure a can, sai a kawo masa lauya a jira? Kowace awa da aka ɓata ran wani ne. Ku tuna mutanen jirgin ƙasan 28 ga Maris, 2022, sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshensu. Ku tuna ɗalibai biyar na Greenfield da aka kashe ana cikin ciniki. Masu rubuta littattafan nan ba su taɓa kai kuɗin fansa daji da dare ba. Kuma ai su ma Amurkawan ba bakinsu ɗaya ba. Jose Rodriguez da James Mitchell, waɗanda suka jagoranci aikin matsa wa waɗanda ake zargi a hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, sun rubuta nasu littattafan suna cewa matsin ya ceci rayuka.

Barista (Malali): Yaya Abu Fatima, Allah ya jiƙan yayanka, ya raya abin da ya bari. Ba zan ce ka daina jin zafi ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma tunda ka kawo Rodriguez, ka haɗa da cewa shi ne ya ba da umarnin lalata faifan bidiyo 92 na tambayoyin a 2005. Kuma kamfanin Mitchell da abokinsa Jessen ya karɓi dala miliyan 81 a aikin. Shaidar mai kare kansa ce.

Kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya bi takardun CIA ɗin kanta, ya fitar da taƙaitaccen rahoto a Disambar 2014. Mutum 119 aka tsare, aƙalla 26 bai kamata ma a tsare su ba. Abu Zubaida, wani da aka zarga da alaƙa da Alƙa'ida, an yi masa azabar ruwa sau 83, wato a ɗaure mutum a kan allo, a rufe masa fuska da tsumma, a riƙa kwarara ruwa har ya ji yana nutsewa. Khalid Sheikh Muhammad sau 183. Wani Gul Rahman sanyi ya kashe shi a ɗaure a Afganistan a 2002. Hukuncin kwamitin shi ne hanyar ba ta samar da ingantaccen bayani ba. Sufan kuwa ya ce tun kafin a fara azabtar da Abu Zubaida, yana kwance da raunin harsashi suna jinyarsa suna hira da shi, ya bayyana musu cewa mutumin da ake yi wa laƙabi da Mukhtar shi ne Khalid Sheikh Muhammad, wanda ya tsara harin 11 ga Satumba.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne Ibn Shaikh al-Libi. An miƙa shi Masar, ya sha wuya, ya ce Iraƙi ta koya wa Alƙa'ida makamai masu guba. Maganar ta shiga jawabin Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairu, 2003. Aka yi yaƙi. A 2004 ya janye, ya ce ƙirƙira ya yi don a ƙyale shi. Iyaye nawa suka binne 'ya'ya a Iraƙi bayan nan?

A nan gida ma doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 34 na tsarin mulki ya hana azabtarwa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya ce kotu ba za ta karɓi iƙirarin da aka samu da zalunci ba. Ma'anarsa a aikace, ko mutumin shi ne ya aikata, in duka kaɗai aka riƙe aka ƙi neman hujja, lauyansa zai iya rushe shari'ar ya fita. Na ga haka da idona ba sau ɗaya ba.

Abu Fatima (Rigasa): Barista, ke kotu kike gani, ni daji nake gani. Ba hukunci nake magana ba, ceto nake magana. In ya faɗi wuri aka je aka tarar, ai gaskiya ta fito. In ba a tarar ba a dawo masa.

Baba Mai Ritaya (Kakuri): Ɗana Abu Fatima, a dawo masa ɗin nan ita ce ta hana ni barci. Shekara 35 na yi a aikin ɗamara, ba zan faɗi inda na yi ba. Ina ƙaramin ma'aikaci aka kawo wani yaro mai tura baro, an ce yana cikin waɗanda suka yi fashi aka kashe mutum. Manya suna waya kowace awa suna son suna. Aka rataye shi. Kafin Isha ya ba mu sunaye huɗu. Muka kwashe su cikin dare. Daga baya muka gane sunayen 'yan layinsu ne da ya iya tunawa, har da mai shayin da yake bin sa bashi. Kwana tara muka ɓata a kansu, masu laifin suka tsallake. Uwar mai baron kullum tana zaune a gindin wani darbejiya a ƙofar ofis da kwanon tuwo a ɗaure cikin ɗankwali, ba a karɓa. Ya fita da hannun dama a shanye. Ni ban doke shi ba, amma ni na riƙe fitila. Ina neman gafarar Allah har yau.

Da na girma a aikin na ga waɗanda suka iya. Akwai wani ogana, Allah ya jiƙansa, sai ya kwana uku yana karanta fayil kafin ya shiga ɗaki. Ya san sunan uwar mutum, ya san wa ya cuce shi a rabon kuɗi, ya san ƙaryar da zai yi kafin ya yi ta. Baban Walida, a littafin Sufan ai ka ga labarin Abu Jandal, mai gadin Usama, a Yaman. An ajiye masa biskit bai taɓa ba, suka gano yana da ciwon suga, suka dawo masa da marar suga. Ba biskit ɗin ne ya buɗe masa baki ba, sanin da suka yi masa ne, da hotunan da suka jera masa har ya nuna wasu daga cikin maharan 11 ga Satumba. Wannan aiki yana son ilimi da lokaci da man mota da wanda ya iya harshen mutum. Duka ba ya cin ko sisi, shi ya sa ake yawan komawa gare shi.

Malam (Tudun Nupawa): Allah ya saka da alheri, Baba, faɗin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da kuke tattaunawa ya faru a Badar. Sahabbai sun kama wani bawa mai ɗebo wa Ƙuraishawa ruwa, suna tambayarsa ayarin Abu Sufyan. Ya ce bai san Abu Sufyan ba, amma ga su Abu Jahal can da runduna. Suka doke shi, ya ce to, na Abu Sufyan ne, suka ƙyale shi. Manzon Allah (SAW) yana salla. Da ya sallame ya ce musu in ya gaya muku gaskiya kuna dukansa, in ya yi muku ƙarya kuna barinsa. Yana cikin Sahihu Muslim. A littattafan sira an ce sai ya tambaya raƙuma nawa suke sokewa a rana, aka ce wata rana tara wata rana goma, ya ce mutanen tsakanin ɗari tara ne zuwa dubu. Haka kuwa aka tarar. Kun ga bambancin mai duka da mai tambaya. A Muslim ɗin dai akwai hadisin Hisham ɗan Hakim cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya.

Amana ce in faɗi ɗaya ɓangaren. A mazhabarmu akwai saɓani. A Mudawwana Imamu Malik bai karɓi iƙirarin wanda aka tilasta ba. Sahnun kuwa ya yi sassauci a kan wanda ya shahara da ɓarna, kuma Tuhfa, wadda alƙalanmu ke karantawa, ta kawo wannan ra'ayi. Amma ko a can magana ce ta alƙali adili da mutumin da aka san shi da mugun aiki, ba duk wanda aka kwasa a kasuwa ba.

Abu Fatima (Rigasa): Allah gafarta Malam, to ai infoman da nake faɗa ya shahara. Kowa a tasha ya sani.

Malam (Tudun Nupawa): Kowa ya sani ɗin nan, ɗan uwa, ita ce ta sa aka rataye mai baro.

Hajiya Maman Ummi (Tudun Wada): Ku maza kun shige ɗakin tuhuma kun bar tambayar Baban Walida ta biyu a ƙofa. Ni ita ta fi taɓa ni. 'Yata ta rasu wajen haihuwa tana da shekara 22, ita da abin cikin. Ranar da aka fita da ita na buɗe baki zan yi kuka, wata gwaggona ta toshe min baki da mayafinta, ta ce kar ki ƙona ta. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku, aka yi bakwai, aka naɗe tabarmi. Daga nan duk wanda na ɗauko masa zancenta sai ya ce Hajiya haƙuri, sai addu'a. Gaskiya ne, amma haƙurin nan wani lokaci murfi ne ake kifa wa mutum don kar a ji. To wanda ba a bari ya yi zancen minti biyar ba, ta ina zai rubuta shafi ɗari biyu?

Ƙanwata ce ta riƙa karanta min Wave na Sonali Deraniyagala tana fassara min. Matar nan igiyar tsunami ta 26 ga Disamba, 2004 a Siri Lanka ta cinye mata miji da 'ya'ya maza biyu da uwa da uba a safiya ɗaya. Akwai abubuwan da ta yi cikin ɗimuwa da ban yarda da su ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Amma da aka zo inda ta koma gidansu na Landan bayan shekaru ta tarar da kayan yaran yadda suka bar su, sai na ce wa ƙanwata tsaya. Na tashi na buɗe akwatin da na kulle kayan jaririn da muka saya a Kasuwar Barci, 'yan riguna da shawul da hula. Ranar na yi kukan da aka hana ni.

Ku duba ma harshenmu. Wanda ya rasa iyaye maraya ne, wadda ta rasa miji tana takaba. Wadda ta rasa ɗa fa? Sai dai in suna ta mutuwa a ce tana wabi, a sa wa na gaba Ajuji ko Ayashe, kuma wannan ya fi kama da tambari a kan ta'aziyya. Ga kunyar ɗan fari. Baban Walida, na lura har ka gama rubutunka ba ka faɗi sunansa ba, da sunan ƙanwarsa ma kake amsawa.

Baban Walida (Hayin Banki): Hajiya, haka ne. Sunan mahaifina ne da shi. Uwarsa ba ta taɓa kiran sunan ba yana raye, wannan yaron take cewa. Yanzu ma haka take cewa.

Anti Rifkatu (Sabon Tasha): Sannunku da rashi, Baba, Hajiya, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Ni nas ce, kuma abin da Hajiya ta faɗa haka yake a wajenmu, sai dai mu da waƙa muke rufe shi. Da aka kwashe yaran Bethel Baptist a Yulin 2021 na ga iyaye mata zaune a harabar makarantar, ga takalman yaran an tara wuri ɗaya, kowace tana neman na ɗanta. A Littafi Mai Tsarki Dawuda ya yi kukan Absalom, ɗan da ya yi masa tawaye, yana cewa da ma shi ne ya mutu a madadinsa. Ba a ɓoye wannan kukan ba, an rubuta shi.

Littafin da zan ƙara muku shi ne I Shall Not Hate na Dakta Izzuddin Abul Aish, likitan mata daga Gaza. Ranar 16 ga Janairu, 2009 tankar Isra'ila ta harba cikin ɗakin 'ya'yansa, ta kashe 'ya'yansa mata uku da 'yar ɗan uwansa. Ya ƙi ƙiyayya, amma bai ƙi neman hakki ba, ya yi shekaru yana bin kotunan Isra'ila yana neman a amsa laifi a ba shi haƙuri. Mutane suna ɗauka in ka yafe ka daina tambaya ke nan. Shi bai daina ba.

Malam (Tudun Nupawa): Hajiya, gwaggonki ta yi da kyakkyawar niyya amma ta tsananta. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da marin fuska. Da Ibrahim ya rasu Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari. Rubutu kuwa malamai sun yi. Ibn Nasiruddin na Dimashƙa yana da Bardul Akbad, Suyuɗi yana da Fadlul Jalad, duka a kan rashin 'ya'ya. Ibn Hajar annoba ta ɗauke masa 'ya'ya mata, ya rubuta Bazlul Ma'un. A ƙasar nan Nana Asma'u ta yi marsiyyoyi ga 'yan uwanta da mijinta Giɗaɗo. Ba addini ne ya hana mu ba.

'Yar Bama (Mando): Salamu alaikum iyayena da yayyena. Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Mu daga Barno muka dawo Kaduna. A 2013 aka zo unguwarmu da asuba aka fitar da duk samari aka jera su a titi. Wani mai rufaffiyar fuska a cikin mota yana nunawa. Ya nuna yayana. Ɗinkin hula yake yi, shekararsa 24, saura wata biyu aurensa. Daga ranar ba mu sake ganinsa ba. Wani da aka sako bayan shekara biyu ya ce ya gan shi, ya ce shi ma mai nunawar dukansa ake in bai nuna kowa ba.

Ku kun yi sadakar uku da bakwai. Mamanmu ba ta yi komai ba, don ba ta san ko ta ce Allah ya jiƙansa ko Allah ya dawo da shi ba. Da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a Kainji a Oktoban 2017 muka ji a rediyo an ɗaure 45 an sallami 468, ta kwana a zaune da waya a hannu. Ba ya ciki. Kuma ba ma iya faɗa wa maƙwabta, don da ka ce an kama ɗanka a Barno sai a ja baya da kai. Mun gudo ne daga waɗanda suka yanka kawunmu, nan kuma ana mana kallon su.

Baba, ni ma na karanta littafin Silahi. Shekara 14 a Guwantanamo ba a taɓa gurfanar da shi ba. Abin da ya karya shi har da barazanar cewa za a kawo mahaifiyarsa gidan yarin, daga nan ya amsa duk abin da suke so. Ta rasu a 2013, shi kuma sai 2016 aka sake shi. Ban gaya wa Mama wannan wurin ba.

Abu Fatima (Rigasa): Ƙanwata, wallahi jikina ya yi sanyi. Allah ya bayyana shi, ki gaida min Mama. Ban taɓa cewa a kwashe unguwa ba, kuma wanda ya yi wa yayanki haka zai tsaya gaban Allah. Amma kar in yi muku ƙarya don a ce na yi kirki. Mutumin da ya sayar da yayana, in aka ce yau yana hannu kuma akwai wasu a daji, ban san zan ce a ajiye sanda ba. Ina kallon marayun nan kullum da safe.

Barista (Malali): Yaya, ba wanda zai nemi ka ji wani abu daban. Shi ya sa ma ba a ba wanda aka yi wa rashi sandar. Kuma ka tuna abin da Baba bai faɗa ba game da James Foley: lemun kaya irin na Guwantanamo suka sa masa ranar da suka kashe shi, kuma waɗanda aka tsare tare da shi sun ce an yi musu azabar ruwan nan.

Akwai misalin da ya shafe mu kai tsaye. Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin sama mai zuwa Ditroyit ta Amurka ranar 25 ga Disamba, 2009. Mahaifinsa, dattijon da aka sani a garin nan, shi ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja tun a Nuwamba ya ce yana tsoron inda ɗansa ya dosa. Ku auna nauyin wannan a zuciyar uba. Bayan an kama yaron ya yi magana kaɗan ya yi shiru. Jami'an FBI suka zo Nijeriya suka tafi da wasu 'yan uwansa, ganinsu ne ya sa ya ci gaba da bayani. An yi shari'a a fili, an yi masa ɗaurin rai da rai a 2012, ba wanda ya ce an yi masa ƙage.

'Yar Bama, ki turo min saƙo ta gefe. Akwai sashen neman waɗanda suka ɓata na ƙungiyar Red Cross, kuma ana iya shigar da ƙara a nemi kotu ta sa a fito da mutum ko a faɗi inda yake. Ba zan yi miki alkawarin sakamako ba, amma ba zan karɓi kuɗinku ba. Ki nemo hotonsa da ranar da abin ya faru da sunan duk wanda ya gani.

Hajiya Maman Ummi (Tudun Wada): Shugaba, ina da shawara. Da yawa cikin iyayen nan ba sa rubutu, amma suna magana. Ai littafin Baba ta Karo haka aka yi shi, tsohuwa tana faɗa da Hausa a Giwa, Baturiya tana rubutawa. Me zai hana yaranmu na zauren nan masu waya su zauna da wanda ya yarda, a ɗauki murya, a rubuta da Hausarsa yadda ya faɗa? Na Kawo, na Tudun Biri, na Kuriga, na Kudancin Kaduna, da irin Maman 'Yar Bama. Wanda ba ya so a sa sunansa a sakaya. Ni zan fara.

Shugaban Zaure: Na rubuta, Hajiya. Masu son shiga su ajiye suna a ƙasa, mu tsayar da rana bayan Juma'a.

Baban Walida (Hayin Banki): Na gode muku duka. Ɗana Abu Fatima, ban ji haushinka ba ko kaɗan, inda kake tsaye na tsaya shekaru. Baba Mai Ritaya, ina son mu haɗu, akwai abin da zan tambaye ka wanda ba na zaure ba ne.

Jiya bayan Isha na karanta wa uwar yaran nan duk abin da kuka rubuta, tun daga farko. Ba ta ce komai a kan littattafan ba. Da na zo kan maganar 'Yar Bama ta tambaye ni ko matar tana iya cin abinci. Na ce ban sani ba. Ta ce in tambaya, kuma in ce a kawo mata ita ranar Asabar su wuni. Daga nan ta shiga ɗaki ta ɗauko wata leda da ban san tana ajiye da ita ba. Atamfar Sallar Walida ce ta shekarar, ya yanka bai kai ga ɗinkawa ba, har da alamar allinsa a jiki. Ta ce in masu ɗaukar muryar za su zo, su zo da safe kafin yara su dawo daga makaranta.

'Yar Bama, Asabar ɗin ta yi muku?